Rim na ƙyalli, ƙasan mota na kuka: zare kan robar kan shok 🧵

1/
Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba. Maganar wata 'yar roba zan yi, wadda ba ta cika tafin hannu ba, amma saura ƙiris ta sa a kafa rumfar makoki a ƙofar gidanmu a Unguwar Gano. Masu mota da masu aron motar yaya, ku matso kusa. Wasu za su ji haushi. Su ji, ni ma da kaina zan fara.

2/
Motar Yayana ce, Corolla ƙirar 2005. Shi yana kasuwa tun safe har magariba, don haka ni ne direban gida: kai Umma asibiti, cefane a kasuwar Tarauni, ɗauko yara daga Islamiyya, in an yi sa'a in sulale da ita makaranta. Duk mai yaya mai mota ya san wannan muƙamin. Ba albashi, sai faɗa ranar da aka ga ƙujewa a jikin bamba.

3/
Bayan daminar bara sai bayan motar ya zauna. Mutum uku su shiga baya, ka hau tudun rage gudu, sai ka ji cikinta ya karci ƙasa. Ga wata ƙara daga baya, gwaf-gwaf, duk sanda taya ta faɗa rami. Wanda ya san lungunanmu bayan ruwan Agusta ya san ba kai ke neman rami ba, shi ke nemanka.

4/
Yaya ya ƙirgo kuɗi ya ce, "Ka kai ta a canja shok na baya, a ɗan ɗaga ta." Na tafi Ƙofar Ruwa na sayo shakazoba biyu, na kai wa bakanikenmu, wani dattijo da tun ina firamare yake gyara motocin gidanmu.

5/
Ya buɗe but, ya yaye dardumar gefe, ya kwance notika, ya zaro tsohon shok. Sai ya ciro robar da ke kansa ya miƙo min. Ya ce, "Ɗan makaranta, ka ga wannan? Ta gama aiki. Koma ka sayo biyu a haɗa gaba ɗaya." Na juya ta a hannu, duk ta tsattsage kamar faso a diddige lokacin hunturu. Na ce, "Baba, a mayar da ita haka nan, ai da sauranta."

6/
Kuma wallahi kuɗin na aljihuna. Canjin da ya rage ya isa ya saye su har da ragi. Amma na riga na ƙyalla ido kan wasu fararen fitilu a wani shago, irin masu kashe wa na gaba ido da daddare. Fitila kowa zai gani. Roba a ƙarƙashin dardumar but, wa zai gani?

7/
Baba ya dube ni, ya ce, "Motarku ce." Ya mayar da ita. Ya cusa abin ƙarin tsayi a kan sifirin kamar yadda aka ce ya yi. Mota ta miƙe, na sa fitiluna, na ɗauki hoto na ɗora. Wasunku har yabawa kuka yi.

8/
Kafin in ci gaba bari mu fahimci abin, don da yawanmu tuƙi kawai muka iya. Abin da ke ɗauke da nauyin mota shi ne sifirin. Shakazoba ba nauyi yake ɗauka ba. Aikinsa ya hana sifirin yin ta tsalle. A cikinsa akwai mai da sanda, man na bi ta ƙananan ƙofofi da ƙyar, wannan ƙyar ɗin ce ke kashe tsallen.

9/
In ba shi, da ka faɗa rami ɗaya mota za ta yi ta rawa kamar gadon sifirin ɗin kakanninmu. Kuma duk sanda taya ta yi sama ta rage damƙar kwalta, a wannan ɗan lokacin birki da sitiyari ba su da cikakken iko da ita. Taya ba ta tsayar da mota a iska.

10/
To ita robar fa? Saman shok ɗin dole ya haɗu da gangar jikin mota, kuma ba a haɗa ƙarfe da ƙarfe kai tsaye. Shi ya sa aka yi masa mazauni mai roba a tsakani. Duk dukan da titi ya yi wa taya, ta nan yake bi kafin ya iso jikin mota. Ita ke riƙe kan sandar a wuri ɗaya, ita ke shanye girgiza.

11/
Idan ta mutu, sai kan sandar ya samu filin wasa. Taya ta motsa, sanda ta yi ta kai-kawo a banza a cikin ramin robar kafin shok ya fara aiki. Wannan gwaf-gwaf ɗin da kake ƙara sautin waƙa don kada ka ji, sau da yawa ita ce. Ka sa sabon shok a kan mataccen mazauni, kamar ka sayi sabuwar ƙofa ka rataya a ruɓaɓɓen katako ne.

12/
Sannan ga inda na ƙara kwafsawa. Sabon shok ya fi tsohon tauri, don haka ƙarfin da ke dukan tsohuwar robar ƙaruwa ya yi. Ɗaga motar kuma ya sa shok ɗin yana zaune kusa da ƙarshen miƙewarsa. Da taya ta rufta rami sai ya miƙe ya ƙure, ya fizgi robar. Na tara mata aiki biyu alhali ɗaya ma ya gagare ta.

13/
Sati uku ba a yi ba ƙarar ta dawo. Me na yi? Na zagi bakanike a zuciyata. Na ce wa Yaya, "Ai ka san kanikawan nan." Allah Ya yafe min.

14/
Sai aka yi bikin 'yar ƙanwar Umma a Zariya. Ni a sitiyari, Umma a gaba, ƙannena mata biyu da wata gwaggonmu a baya, but cike da kuloli da buhun shinkafa. Mun bar Na'ibawa, mun haye gadar Tamburawa, mun wuce Kura. Titi sumul. Ƙafata ta yi nauyi, ba zan ɓoye ba.

15/
Kafin Kwanar Dangora sai ga ɓallen tayar tirela a tsakiyar hannuna. Na kauce. Kaucewar da na sha yi ba sau ɗaya ba. Amma a ranar gaban motar ya bi umarni, bayanta ya ƙi. Ya kwanta hagu, ya dawo dama, ya sake komawa, kamar wani ne a baya yake jijjiga ta da hannu.

16/
Ba na jin komai sai salatin Umma. Ban taka birki da ƙarfi ba, kuma ba don gwaninta ba ne, ƙafata ce ta sandare. Allah Ya tsare, babu babbar mota a gefenmu. Na gangara gefen titi na tsaya, hannuna na karkarwa, ƙaramar ƙanwata na kuka. Umma ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Mu tafi a hankali." Da ma faɗan ta yi.

17/
Da muka dawo na mayar wa Baba mota. Ya buɗe gefen dama, robar ta rabe biyu, sandar na lilo, sabon shok ɗin har ya fara zubar da mai. Ban ce robar ce kaɗai ta jawo abin da ya faru ba. Akwai guduna, akwai lodi, akwai tsayin da muka ƙara mata. Amma dukkansu zaɓina ne, babu na bakanike ko ɗaya. Baba bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya sa min ɓallen a hannu ya ci gaba da aikinsa.

18/
Yanzu bari in zo kanku.

19/
Ku tsaya a bakin titin Zoo Road ko Court Road da yamma ku kalli motocin samari. Rim na ɗaukar ido, sifika na girgiza but, turare kala uku, an lulluɓe sitiyari da fata. Ku bari ta hau tudu ku saurara. Wata kamar ana jan akwatin ƙarfe a kan tsakuwa. Wata bayanta na ta rausaya har ta ɓace muku. Mai ita ko a jikinsa, yana ta danna waya.

20/
Mun mayar da mota kamar shaddar Sallah. Duk abin da ido zai gani muna da kuɗinsa. Duk abin da ke ƙasa, wanda shi ke riƙe da ranmu, sai mu ce "a lallaɓa". Wannan kalmar ta "a lallaɓa" ta fi kowace sifana aiki a garejin Kano.

21/
Kuma in abu ya lalace, mun san wanda za mu ɗora wa. Kullum a nan ana zagin kanikawa: ɓarayi ne, 'yan cuwa-cuwa ne, ba su iya komai ba. Eh, akwai macuta a cikinsu, kamar yadda suke a kowace sana'a, har da wadda kake yi. Akwai mai karɓar kuɗin sabo ya sa na hannu. Ban wanke kowa ba.

22/
Amma ka je gareji ka zauna a benci na awa biyu ka saurari masu mota. "Oga, ba mai arha?" "A ɗan ɗaure da waya mana." "Guda ɗaya za a canja, ɗayan lafiyarsa ƙalau." Mutum ya zo da mota ta miliyoyi yana ciniki kan roba kamar mai sayen tumatir a 'Yankaba. Wa ya koya wa bakanike yanka tsohuwar taya ya yi bush da ita? Mu ne, da muka ƙi sayen na gaskiya.

23/
Batun canja guda ɗaya ɗin nan ma ya isa zare guda. Shok ana canja shi ne biyu-biyu, hagu da dama, haka ma robarsa. In ɗaya sabo ɗaya tsoho, gefe guda na riƙewa, ɗayan na saki. A cikin gari da gudun adaidaita ba za ka gane ba. Ranar da za ka kauce wa akuya a kan babban titi za ka gane.

24/
Na san abin da za a ce min: "Malam, babu kuɗi." Na yarda. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta tsallake 1,000. Dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Kayan gyara kuwa kusan duk daga waje suke zuwa. Babu mai musun wannan.

25/
Wannan uzurin na karɓe shi daga direban Golf mai jigilar fasinja da ke neman na cefane, duk da shi ma rayukan mutane ya ɗauko. Amma daga kai mai fitilar da ta fi ta filin wasan Sani Abacha haske? Haba. Robar nan biyu ba su kai kuɗin rim ɗaya ba. Ba su kai abin da za ka zuba a tanki zuwa Zariya da dawowa ba.

26/
Kuma lissafin ma bai fita ba. Ni na ƙi sayen roba, na ƙare da sayen roba, da wani sabon shok, da biyan kuɗin aiki sau biyu. Kuɗin kwancewa ɗaya ne, ko ka canja ta ko ka mayar da tsohuwa, tunda sai an cire ta kafin a zaro shok. Mataccen shok kuma cin taya yake yi. Shafa tayarka ta baya, in ka ji tudu da kwari kamar an gutsura, kuɗinka ne ke tafiya.

27/
Uzuri na biyu: "Ai titunan ne." Gaskiya ne lungunanmu na cin ƙafar mota, kuma haƙƙinmu ne mu yi ta magana har a gyara. Amma wannan hujja ce a kanka. Motar da aka ƙera don titin Japan ko Amurka, ta yi shekara 20 a duniya, ta sha zafin Afrilun Kano da ƙurar hunturu, wace roba ce za ta rage da rai a jikinta? Mugun titi cewa yake ka riƙa duba ƙasan motarka fiye da kowa.

28/
Abin da ya fi ba ni tsoro ma kyakkyawan titi ne. A rami, mota mai mataccen shok ƙara kawai za ta yi maka, don dole ka tafi a hankali. Amma tunda aka sake gina hanyar Kano zuwa Zariya kowa ya zama ɗan tsere. Doka ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 100 a awa a irin wannan titi. Tsakani da Allah, nawa kake takawa? Da wace ƙafa?

29/
Sai maganar ɗaga mota. Na fahimci dalilin. Iyayenmu sun hau Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970, mota mai tsayin ƙafa da ta san hanyar ƙauye. Mu kuma muka gaji motocin Kwatano masu jan ciki. Dole mutum ya so ya ɗan ɗaga.

30/
Amma in bayan motarka ya zauna, tambayar farko ita ce me ya zaunar da shi. Galibi sifirin ne ya gaji. Maganinsa wani sifirin mai lafiya. Cusa abu a kan gajiyayyen sifirin kamar a sa wa mai ciwon ƙafa takalmi mai tsini ne. Tsayi ya samu, ciwo na nan. Kuma duk yadda mota ta ƙara sama, haka take ƙara kwanciya a kwana. Ni na gani da idona, da mahaifiyata a gefena.

31/
Mu je kasuwa kuma. Mai kaya zai tambaye ka, "Sabo ko Beljiyam?" Mu kuma mun haddace cewa Beljiyam ya fi ƙarko. A injin ko giya, sau da yawa haka ne. Amma roba? Roba tsufa take yi ko ana amfani da ita ko tana ajiye. Wadda aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a Turai ba yarinya ba ce, an dai wanke ta da fetur ta yi baƙi.

32/
A Ingila duk motar da ta kai shekara 3 sai an kai ta gwajin MOT kowace shekara, kuma har ƙafafunta ake dubawa. Wadda gyaranta ya fi ƙarfin darajarta sai a kai ta mayanka a ɓaɓɓalle. Ka yi tunanin ina wasu ɓallayen ke ƙarewa. Abin da wani ya ga bai isa ya ɗauki 'ya'yansa ba, kai kake ɗora naka a kai kana murna ka samu orijina.

33/
Sabon ma sai ka buɗe ido, don jabu ya yi yawa. Kwali zai zo da sunan babban kamfani, abin ciki kuwa Allah kaɗai Ya san inda aka ƙera shi. Akwai kuma masu huda mataccen shok su ɗura masa mai, su toshe, su fesa fenti. In farashi ya yi daɗin da ya wuce hankali, ka tuna araha ba ta ado. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ka biya shi kuɗin ƙafarsa, kada ka tafi kai kaɗai kana taƙama da abin da ka kalla a YouTube.

34/
Wani abu da Baba ya nuna min a karo na biyu, na ga yaran gareji da yawa ba sa yi: ƙusar ƙasan shok, wadda ke ratsa bush, ba a ƙarasa ɗaure ta mota na rataye a kan jak. Sai an sauke ta ta zauna da nauyinta. In an ɗaure tana sama, da an sauke robar za ta murɗe, a murɗe za ta zauna har ta yage. Ka tsaya ka ga an yi. Ba rashin yarda ba ne, motarka ce.

35/
Ku kuma 'yan uwana mata da ake ba ku mota ku je makaranta ko aiki, kada ku yarda da "ba komai Hajiya, haka take yi". Ba haka take yi ba. Mota mai lafiya ba ta ƙwanƙwasa ƙofa daga baya. Ku ce a buɗe a nuna muku.

36/
Na gaya wa Yaya gaskiya daga baya, har batun fitilun. Ya yi shiru, sannan ya ce in je in cire su in mayar da na asali, in kawo masa makulli. Wata guda ina bin adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Kabuga. Ban yi ƙorafi ba. Na kuma je na ba Baba haƙuri kan zagin da bai ma san na yi masa ba. Dariya ya yi, ya ce, "Ɗan makaranta, ai kai ka dawo. Wasu mota kawai ake janyo mana."

37/
An cire abin ƙarin tsayin, an sa sifirin masu lafiya, shok biyu, roba biyu sababbi. Yanzu in ta faɗa rami, dum ɗaya take yi ta yi shiru.

38/
Gobe da safe kafin ka tayar da mota, kashe waƙar, zagaya baya, ɗora hannu biyu a kusurwar but ka danna da ƙarfi ka saki. In ta taso ta tsaya, madalla. In ta yi ta rawa sau biyu sau uku, shok ya tafi. In ka ji ƙwas, a duba robar. Leƙa bayan taya ka ga ko jikin shok ɗin ya jiƙe da mai. Ka yi wa ɗaya gefen ma. Sannan ka dawo nan ka faɗa min abin da ka ji, in ka ga dama ka haɗa da zagin.